Jarumin labarina ya tsufa, yaya zan miƙa sunansa ga yaro ba tare da masu karatu sun watse ba?

Ɗan Karantina (Jidda)

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina zana labarin hotuna da Hausa domin yaranmu na Jidda da Makka, tunda yawancinsu Larabci ya fi kama bakinsu, Hausar sai a cikin gida. Jarumin ana ce masa Madugu. Ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa: baƙin rawani, amawali ya rufe har hanci, sanda mai kan ƙarfe a hannu. Aikinsa tsare alhazan ƙasa a tsohuwar hanya, daga Kano har Sawakin, tashar jirgin ruwa ta Sudan a bakin Bahar Maliya, kuma babobin da suka riga suka fita duk a kan hanyar suke, zamanin raƙuma da jakuna.

Yanzu ina so labarin ya sauko zamaninmu. Madugun yanzu dattijo ne a Jidda, gwiwa ta gaza, ido ya fara rauni. Yana da ɗa na cikinsa, Sani. Akwai kuma wani yaro, Ila, ɗan shekara 17, mai taya kawunsa gasa tsire a unguwa, shi zuciyata ta fi kwantawa da shi. Babi 12 suka rage mini, kowanne shafi 20, kuma ina da niyyar fitar da na Larabci daga baya.

Abin da ya ɗaure mini kai: in kashe dattijon ko in bar shi? Ɗan cikinsa ya gada ko bare? A canja kayan ko a bar su? Kuma a babi na nawa ya kamata yaron ya naɗa rawanin? Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar.

Baban Sadiya (Makka, Shara Mansur)

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin maganar kisa ko bari, akwai tambayar da sauran duk suka rataya a jikinta: mutanen cikin labarin sun san ana gadon sunan nan, ko zato suke mutum ɗaya ne tun farko?

Hanya ta farko ita ce ta Phantom, wanda Lee Falk ya fara fitarwa a jaridun Amurka a 1936. A labarin, na farkonsu ya yi rantsuwa a 1536 a kan ƙoƙon kan ɗan fashin tekun da ya kashe mahaifinsa, daga nan ɗa ke karɓa daga uba har aka zo kan na 21. Jama'ar gari ba su san haka ba, cewa suke ba ya mutuwa, kuma wannan tsoron shi ne rabin makaminsa. In ka bi nan, sharuɗɗan suna da tsauri. Kaya ba sa canjawa ko zare ɗaya. Ba a jana'izar jarumin da sunansa na jarumta. Dole kuma a sami wasu 'yan kaɗan masu riƙe sirri, waɗanda za su rufe giɓin tsakanin tafiyar wani da fitowar wani. Wahalarta ita ce magajin ba shi da damar nuna halinsa a fili, duk rigimar gadon sai ta koma cikin ɗaki.

Hanya ta biyu ita ce ta Flash da Captain America, jaruman mujallun labarin hotuna na Amurka. Duniya ta san na farko ya tafi, ta zuba wa sabon ido tana auna shi. Wannan ta fi ba marubuci abin rubutawa, don mai shago da direba da tsohuwar da ke bakin ƙofa kowa yana da ra'ayi.

A ganina Madugu ya fi dacewa da tsakiya. Baƙi da yara su ci gaba da zaton mutum ɗaya ne. Tsofaffin unguwa kuwa sun sani, sun yi shiru, sai dai ka ga ɗaya ya kalli tafiyar sabon ya girgiza kai. Ka ga ka riƙe kwarjinin sunan, ka kuma sami masu aunawa.

Sai lissafi, wanda da yawa ke tsallakewa har mai karatu ya kama su. In na farko ya fara a 1903, shekarar yaƙin Burmi, zuwa yau shekara 120 ne da 'yan kai. Mutum ba ya wuce shekara 25 zuwa 30 yana gudu da kokawa. Ke nan dattijonka shi ne na huɗu, ya karɓa wajen 1990, Ila na biyar. Ɗauki takarda guda ka rubuta kowannensu: shekarar da ya karɓa, shekarar da ya ajiye, yadda ya ƙare, da abu ɗaya da ya ƙara a kayan ko a doka. Ba dole duka su shiga labarin ba, amma kai ka sani, don kada a babi na tara ka ce kakan dattijon ya hau jirgin ƙasa a inda ba a shimfiɗa dogo ba tukuna.

Maganar lokacin naɗi, kada ka yi gaggawa. Da marubuci Ed Brubaker ya kashe Steve Rogers, wato Captain America na asali, a fitowa ta 25 ta mujallarsa a 2007, bai miƙa garkuwar jarumin ga tsohon yaronsa Bucky ba sai a ta 34, a farkon 2008. Fitowa takwas a tsakani, mujallar tana ɗauke da sunan jarumin, shi kuma babu shi a ciki. Masu karatu sai da suka ji rashin a jikinsu, shi ya sa da aka miƙa ba a yi bore ba. Haka Tim Drake, ya bayyana a 1989, bai sa kayansa na Robin, wato mataimakin Batman, ba sai ƙarshen 1990.

Da babi 12, ga yadda zan raba. Uku na farko dattijo yana kan aiki, amma a kowanne a ga wani abu ya kufce masa: ya kasa tsallake katangar da a da yake tsallakewa, ya kasa karanta lambar mota da dare. Ila yana nan a gefe, yana fifita gawayi, yana lura. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, don haka a nan za ka nuna halin da zai sa a zaɓe shi, tun bai san ana kallonsa ba. Babi na huɗu abin da ya tsayar da dattijon ya faru. Na biyar zuwa na bakwai babu Madugu sam, kuma nan ne zuciyar aikin. Kada ka cika su da surutun kewa. Nuna mutum takamaimai da ya cutu saboda ba kowa a wurin, mai suna da fuska, wanda mai karatu ya riga ya sani tun babin farko. Na takwas naɗi. Na tara da na goma ya gwada yin yadda dattijo ke yi, ya sha ƙasa. Biyun ƙarshe ya ci nasara ta hanyar da dattijon ba zai taɓa tunaninta ba.

Umm Hafsa (Madina)

Ɗana, rabon babin da Baban Sadiya ya ba ka ya yi. Ni zan tsaya a kan inda ake faɗuwa, don manyan kamfanoni sun riga sun faɗa ramukan nan a gabanmu, ba dalilin mu bi su.

Na farko Jason Todd. Da aka kawo shi a 1983 ya maye gurbin Dick Grayson a matsayin Robin, tarihin na farkon aka kwafo masa kusan kaf: ɗan masu wasan lilo a sama, iyaye aka kashe, Batman ya ɗauka. Zanen aro ba ya rufe katara, mai karatu ya ga ba wani sabo aka ba shi ba. A 1987 aka sake masa tarihi, ya zama yaron titi da aka kama yana kwance tayar motar Batman. Wannan ya fi, amma sai aka zarce, ya zama mai tsaurin ido ga maigidansa. A 1988 kamfanin ya buɗe layin tarho masu karatu su zaɓa, 5,343 suka ce a kashe shi, 5,271 suka ce a bar shi. Ƙuri'a 72 ta raba. Darasin a wurinka ya ma fi nauyi, domin mai karatu Bahaushe zai yafe wa Ila tsoro da kuskure da gardama, amma ranar da ya ɗaga wa dattijo murya ko ya amsa masa a tsaye yana hura hanci, ka rasa iyayen da ke saya wa yaran littafin. Ya saɓa masa a aikace, amma bakinsa da ladabi.

Na biyu, ɓata tsoho don a ɗaga sabo. A 1994 aka mai da Hal Jordan, Green Lantern tun 1959, mahaukacin azzalumi da ya juya wa abokansa baya, a cikin fitowa uku kacal, don a buɗe wa Kyle Rayner hanya. Masu karatu har ƙungiya suka kafa ta neman a dawo da shi, kuma Kyle, wanda ba laifinsa ba ne, shi ya sha haushin. Sai a 2004 aka fara gyara, aka ce wani mugun abu ne ya shige shi. Don haka in ka ji sha'awar tono wani mummunan asiri a tarihin dattijon don Ila ya haska, danne ta. Kuskure ɗaya na ɗan Adam ya isa, irin wanda ya yi da kyakkyawar niyya kuma yana nadama.

Wanda aka fi yi wa adalci shi ne Wally West. Barry Allen, mai riƙe da sunan Flash, ya mutu a 1985, Wally da ke yaronsa tun 1959 ya karɓi sunan Flash, mujallarsa ta fara a 1987. Marubutan suka bar shi bai kai maigidansa gudu ba, nesa ba kusa ba, shekara da shekaru. A 1993 marubuci Mark Waid ya warware dalilin: shi ne ke riƙe kansa, don tsoron in ya kai Barry, za a manta da Barry. Ka ga an mai da gazawarsa soyayya, kuma ranar da ya saki jiki mai karatu ya ji ya cancanta. Amma dubi ƙarshe. A 2008 aka dawo da Barry bayan shekara 23, a 2011 aka share Wally daga labarin gaba ɗaya, sai 2016 ya dawo. Da zarar na asali ya dawo da ƙarfinsa, magaji ya koma ɗan riƙon ƙwarya, duk abin da aka gina ya rushe.

To ga amsata a kan kisa: kada ka kashe shi a babi na huɗu. Mutuwa a hannun abokin gaba tana mai da labarin na ramuwa, yaron sai ya naɗa rawani don fushi, alhali Madugu mai tsaro ne. Kuma in ka kashe ba ka da hanyar dawowa, don tashi daga mutuwa ba ta shiga labarin da ake rubuta wa 'ya'yan Musulmi. Ka bar shi da rai, amma ka karɓe ƙarfin ta yadda ba gyara: makanta, ko shanyewar ɓarin jiki. Haka marubucin Japan Kohei Horikoshi ya yi da All Might, babban jarumi a labarinsa na My Hero Academia, ya ƙone ragowar ƙarfinsa a faɗa ɗaya a idon duniya, ya ci gaba da rayuwa a matsayin malami, ramamme.

Sai dai barinsa da rai yana da dokoki, in ba haka ba zai cinye labarin. Bayan naɗi kada ya wuce shafi 3 cikin 20. Kada ya taɓa ceton yaron a faɗa. Kuma sau ɗaya aƙalla ya ba da shawara da gaskiyarsa, shawarar ta zama kuskure saboda zamani ya juya, shi ya iya sawun raƙumi a yashi, yaron ya iya bin sawu a waya. Shafin da dattijon zai ce wa yaro "kai ka fi ni gani a nan", ka tanade shi sai babi na sha ɗaya.

Abu Yasir (Riyad)

Malam, ni bangaren zane zan taɓa.

Fara da gwajin inuwa. Zana dattijon da Ila cikin kayan Madugu, ka cike su da baƙi ƙirin, ka rage su zuwa girman babban yatsa. Ana so mai kallo ya ce duka biyun Madugu ne, kuma ya iya nuna wane ne wane. In ya kasa na farko, ka canja da yawa. In ya kasa na biyu, ba ka canja komai ba. Abubuwa uku ka kulle kada su motsa: siffar naɗin rawanin, amawali, da sandar. Sauran duka filinka ne. Dattijo faffaɗan kafaɗa, ƙafa a buɗe, sanda a kafe a ƙasa. Ila siriri, ya ɗan duƙa gaba, sandar a kwance a bayan wuya. Babbar riga ba ta gudu a lungunan Jidda cikin wannan zafi da gumi, ba shi 'yar shara da wando da kambas.

Kada canjin ya zama na ado kawai, kowanne ya fito daga wata buƙata. Bucky ya rataya wuƙa da bindiga ne don ba shi da irin jikin Steve Rogers. Tim Drake ya zo da dogon wando da baƙin mayafi da sanda, don ba shi da ƙwarewar tsalle irin ta Dick Grayson. Miles Morales, da ya fito a 2011, kayan Peter Parker, Spider-Man na asali, irin na kanti ya fara sawa, mutanen gari suka ga abin bai dace ba tunda mai kayan bai daɗe da rasuwa ba, daga baya ya sami baƙi mai jan zane. Wannan matakin tsakiya yana da amfani, kar ka tsallake shi: Ila ya fara fita da ainihin rawanin dattijo, ya yi masa yawa, naɗin ya warware ana tsakiyar kokawa, ya riƙe amawali da haƙori don kada a ga fuskarsa. Naɗin rawani sana'a ce, yaron da ya tashi a nan bai iya ba. Shafi guda na koyon naɗi, gida shida, wato akwatunan hoto shida, hannun dattijo makaho yana lalube yana gyara masa, ya fi dogon jawabi isar da saƙo.

Shafin miƙa sanda kuma a rage magana. A ƙa'idar da aka saba, da'irar magana ba ta wuce kalma 25, a nan ko goma ta yi yawa. Hoton farko na Ila cikin cikakkun kaya ya ci shafi sukutum, kuma ya faɗo bayan an juya takarda, kada ido ya riga ya hango shi a gefe. A bugun Hausa wannan shafin hagu ne, mai lamba cika, wato 2, 4, 6 da sauransu. Tun a tsarin farko ka ƙirga, don in ya faɗo a na dama sai ka ƙara ko ka rage shafi.

Ga babbar matsalar bugun Larabci. Hanya mafi sauƙi ita ce juya shafin kamar a madubi don karatu ya taso daga dama. To da ka juya, dattijonka ya miƙa sanda da hagu, yaro ya karɓa da hagu, musabaha ta koma hagu, cin abinci ma haka. A shafin da ya fi kowanne daraja a littafin! Sitiyarin mota ya koma dama, allon shaguna ya juye. Maganinsa tun yanzu: kowane gida ka zana shi a fayil ko shimfiɗarsa daban, ta yadda a Larabci za ka sauya jerin gidajen ba tare da juya abin da ke cikinsu ba. Gidajen da mutum biyu ke magana, ka lura wanda ya fara magana yana hagu a Hausa, a Larabci ana so ya zama a dama. In ba ka son zane biyu, sa da'irar mai farawa a sama, ta mai amsawa a ƙasa, wannan yana aiki ta kowane gefe. Girman da'irar ka auna shi da Hausa, ita ta fi cin wuri. Kuma gwada rubutun da za ka yi amfani da shi a kan ƙ da ɗ da ɓ tun kafin ka yi nisa, yawancin rubutun da aka ƙera don labarin hotuna ba su da su.

Ɗan Mai Wurno (Jidda, Hindawiyya)

Yayana Baban Sadiya da Hajiya Umm Hafsa sun kawo misalan Amurka da Japan, sun kyauta. Amma ƙanena, maganar jini ko bare ba sai ka je nesa ba, a gida aka fi kowa sanin ta.

Mai karatunka ya taso da "ɗan na gada ya fi ɗan na koya" a kunnensa. In ka tsallake Sani ka ba Ila ba tare da dalili ba, zai ji an yi zalunci, ko bai furta ba. Amma shi wannan mai karatun ya san a sarauta ba uba ke naɗa ɗansa ba, akwai masu zaɓen sarki, kuma ba kullum babban ɗa suke ɗauka ba. Ya san akwai kayan sarauta da suka girmi mai riƙe su, kamar takobin Gajere a Katsina da tagwayen masu a Kano, kuma har yau Magajin Korau ake yi wa Sarkin Katsina kirari ko da ba daga gidan Korau ya fito ba. Ya san a dambe yaro yana ɗaukar sunan maigidan da ya koya masa, a ce Shagon wane ko Autan wane, ba jini a tsakani, kuma fili ne ke tabbatar da sunan. Yaran nan ma da suka ga Black Panther, fim ɗin da aka buɗe sinima da shi a Riyad a Afrilun 2018 bayan shekara 35 a rufe, sun ga ɗan sarki bai hau ba sai da aka buɗe fili ga mai ja.

Don haka ka kafa masu zaɓe a labarin. Mutum uku sun isa, in sun wuce haka ba ka da shafin ba kowa hali. Misali tsohuwa mai sayar da abinci wadda kakarta ta zo ta ƙasa, wani tsohon direba, da maƙerin da gidansu ke gyara kan sandar tun na farko. Dattijo ya kawo suna, su su gwada. Ɗaya daga cikinsu ya ƙi amincewa har babi na sha biyu. Shi ne bakin mai karatun da ke kewar tsohon, in ya sauko, mai karatu ya sauko tare da shi.

Abin da ya fi damuna kuwa ba wanda ya taɓo shi. Hanyar ta mutu. Madugun farko aikinsa a fili yake: ayari ya tashi daga Kano, ya bi Barno, ya ratsa Abeshe, ya shiga Junaina, Fashir, Ubayyid, ya tsallake Nilu ya nufi Sawakin. Tafiyar shekaru ce, mutane na tsayawa su yi noma ko tsinkar auduga a Jazira ta Sudan, wadda aka buɗe aikinta a 1925, su tara guzuri su ƙara gaba, da yawa kuma nan suka zauna har yau. Akwai ƙishirwa, akwai 'yan fashi, akwai masu sace mutane su sayar. Jirgin sama ya zo ya karɓe alhazai, yau sa'o'i kaɗan ne daga Kano zuwa Jidda. To me Madugu na biyar yake tsarewa? In ba ka amsa wannan ba, yaro ne kawai sanye da rawanin kakanni yana dukan ɓarayi, irin wanda ke cike da kowace mujalla.

Ka rubuta rantsuwar Madugu cikin jimla ɗaya wadda ba ta ambaci raƙumi ko hamada ba. Wani abu kamar: ba a barin kowa a baya, kuma amanar da aka ɗauko sai ta isa. Sannan ka tambayi kanka wa ake bari a baya yau. Tsohuwar da ta rabu da ayarinta ba ta jin Larabci. Wanda wani ɗan damfara ya karɓe masa kuɗi da fasfo ya ɓace. Yaron da aka kawo da sunan karatu aka sa shi bara. Mai aikin gida da ta yi shekaru danginta ba su ji ɗuriyarta ba. Yawancin wannan ba aikin sanda ba ne, aikin harshe ne da sanin gari da sanin ƙofar da ake ƙwanƙwasawa, kuma nan Ila ya fi dattijon, don yana jin Hausa da Larabcin Hijaz kamar ruwa. Ka ga dalilin zaɓensa ya fito daga aikin kansa. Wannan kuma zai raba ka da matsalar zana yaro yana ɗaukar doka a hannunsa: shi nasa ya gano, ya raka, ya sada mutum da inda za a share masa hawaye.

Wata dabara: ka bar amana guda da Madugun farko ya ɗauko bai isar ba, wasiƙa ko ɗan ƙunshi, kowane magaji ya gaje ta tare da sandar. Ita za ta ɗinke tsofaffin babobinka da sababbin.

Ɗan Karantina (Jidda)

Allah ya saka da alheri, iyayena. Na ɗauki shawarar barin dattijon da rai, da masu zaɓe uku, zan kuma sake zana gidajen daban-daban saboda Larabcin. Saura Sani. In ya zama mugu, ina jin abin ya yi arha. In ya haƙura shiru kuma, kamar ba ɗan Adam ba. Ya zan yi da shi?

Baban Sadiya (Makka, Shara Mansur)

Ba shi rawanin tukuna. A 1993, da wani abokin gaba, Bane, ya karya bayan Batman, marubutan da gangan suka miƙa kayan ga Jean-Paul Valley, wanda ya ƙara sulke da farata, ya riƙa wuce gona da iri, har masu karatu suka gane da kansu abin da ya sa na asali yake da iyaka. Haka aka yi da John Walker a 1987 lokacin da gwamnati ta naɗa shi Captain America. Magajin da bai dace ba shi ke nuna mene ne sunan.

A rabon da na ba ka, babi na shida da na bakwai nasa ne, sai giɓin babu Madugu ya rage a na biyar da farkon na shida. Ya ɗauki kayan ba da izinin masu zaɓe ba, kuma da kyakkyawar niyya, don yana ganin sunan ubansa na zubewa. Ya fi Ila ƙarfi, ya fi shi iya sanda, naɗinsa ba ya warwarewa, kada ka rage masa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kuskurensa guda ne: a daren da zaɓi ya zo tsakanin kama ɗan damfara da komawa neman tsohuwar da ta ɓace, ya bi ɗan damfarar. Ya kama shi kuwa. Tsohuwar Ila ne ya same ta da asuba, ba rawani ba sanda, a bayan wata tashar mota, ƙafafunta sun kumbura.

Sannan kada masu zaɓe su ƙwace kayan, Sani da kansa ya kawo sandar ya ajiye a gaban mahaifinsa, cikin gida biyu ko uku ba magana. Daga babi na tara ka ba shi aikin da ba mai iya shi sai shi: koya wa Ila sanda, tunda uban ba ya gani, da riƙe littafin sunayen Madugai huɗun da suka gabata. Ka bar ɗacin bai gama fita daga bakinsa ba, yana kiran Ila da sunansa na yanka ko a gaban masu zaɓe, ba ya ce masa Madugu. In za ka ci gaba bayan babi 12, ka riƙe wannan har zagaye na biyu.